Yadda Ake Cire Sunan Tsohon Miji ko Tsohuwar Mata Daga Takardar Gida da Bashin Banki a Ingila

A bara wata 'yar'uwarmu a nan Manchesta ta kira ni bayan sallar isha'i, muryarta na rawa. Shekara biyu ke nan da mutuwar aurenta. Lokacin rabuwar, manya sun zauna a falon wani dattijo, aka rubuta a takarda cewa gida ya zama na mijin tun da shi zai ci gaba da biyan banki, ita kuma ta karɓi wani abu ta koma haya da 'ya'yanta biyu. Kowa ya sa hannu, aka shafa fatiha. Sai ga shi ta nemi bashin mota an hana ta. Da ta buɗe tarihin bashinta, ta tarar da wata uku a jere da ba a biya kuɗin gidan ba, duk a kan sunanta. Ta kai wa bankin hoton takardar sulhun, suka ce ba da su aka yi ba.

Kuma gaskiya suka faɗa. Gidan da mutum biyu suka saya da bashi yana ɗaure da igiya biyu. Ɗaya ita ce sunayenku a rajistar mallaka da ke HM Land Registry, ofishin gwamnati mai rajistar filaye da gidaje. Ɗayar ita ce yarjejeniyar bashi tsakaninku da banki, wadda ta ce kowannenku yana ɗauke da bashin gaba ɗayansa, ba rabi ba. Banki na iya barin wanda ke kwana a gidan ya bi wanda ya fita, har fam na ƙarshe. Saki bai kwance wannan igiya ba, sulhun manya bai kwance ta ba, ko alƙali ma ba ya tilasta wa banki ya saki wanda ya ranta wa kuɗi. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Abin da zan bayyana ya shafi Ingila da Wales ne. Sukotland da Ailan ta Arewa suna da nasu tsarin. Don sauƙi zan riƙa cewa "mai zama" ga wanda zai riƙe gidan, da "mai fita" ga wanda za a cire sunansa.

Fara da karanta rajistar gidan

Shiga shafin gwamnati na gov.uk ka sayi kwafin rajistar gidanku. Fam 7 ne, kuma nan take za ka same shi. Kashi uku ne: A yana bayanin gidan, B yana nuna masu shi, C yana lissafa basussukan da ke kansa. Ka tsaya a C ka karanta a tsanake. A nan ne ake gano cewa akwai bashi na biyu. Idan kuma wani mai bin ɗayanku kuɗi ya samo umarnin kotu a kan kasonsa, yawanci a B ne za ka gani.

A kashi na B kuma akwai abin da ya fi damuna. Mallakar haɗin gwiwa iri biyu ce. Akwai ta gamayya, inda ba a ware wa kowa kaso ba. Idan ɗaya ya rasu, gidan duka ya zama na wanda ke raye, ko me wasiyya ta ce. Akwai ta kaso-kaso, inda kowa ke da rabonsa sananne, idan ya rasu rabon ya tafi ga magadansa. Yawancin ma'aurata ta gamayya suke zaɓa ranar saye, don a ranar babu mai tunanin rabuwa. Idan ka ga an rubuta wani sharaɗi da ke hana mutum ɗaya shi kaɗai sayar da gidan sai da umarnin kotu, galibi alamar kaso-kaso ce. Idan babu shi, to galibi ku na gamayya ne.

Saki ba ya sauya wannan da kansa. Ma'ana, idan ajali ya riske ka kafin a gama, kasonka zai faɗa hannun wanda kuka rabu da shi, iyayenka da ke Kano ko Damagaram da sauran magadanka ba za su ga ko sisi daga gidan ba. Gyaran kuwa ba wuya: ka rubuta wa ɗayan sanarwar cewa ka raba gamayyar, ka aika fom ɗin SEV zuwa Land Registry. Kyauta ne, kuma ba sai ya yarda ba. Sai dai ka sani cewa kai ma ka rasa damar cin nasa kason ke nan, sannan ka rubuta wasiyya a makon nan.

Wane irin aure doka ta san kun yi?

Wannan tambaya ce ke raba hanya biyu, kuma mutanenmu da yawa ba sa gano amsarta sai a ofishin lauya.

Auren da aka ɗaura a Najeriya ko Nijar bisa ƙa'idar da ƙasar ta amince da ita, Ingila ma tana ɗaukarsa aure a galibin lokuta. Haka wanda aka yi wa rajista a nan. Amma ɗaurin auren da aka yi a nan Ingila a falo, ko a zauren biki, ko a masallacin da ba a yi wa rajistar ɗaura aure ba, ba tare da an bi shi da na hukuma ba, doka ba ta ɗauke shi aure ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da haka a Fabrairun 2020, a shari'ar wasu ma'aurata da aka ɗaura wa aure a wani gidan abinci a Landan a 1998, suka haifi 'ya'ya huɗu. A wurin Allah da jama'a miji da mata ne, a wurin kotu kuwa masu zaman tare ne kawai.

Idan aurenku na doka ne, sakin baki ko na takarda da aka yi a nan bai raba shi a wurin hukuma ba, sai an bi ta kotu. Amfanin auren doka shi ne kotun iyali tana da ikon duba komai, gida da fansho da ajiya da buƙatun yara, ta raba yadda ta ga adalci, ko da ya saɓa wa abin da ke rubuce a rajista. Idan kuwa ba na doka ba ne, sai a koma ga dokar amanar filaye ta 1996, wadda ake kira TOLATA. A ƙarƙashinta alƙali yana tantance kason kowa ne kawai, ya kuma iya ba da umarnin sayarwa. Ba ya ƙara wa uwa kaso don ita ta bar aiki ta yi reno. Idan kun rubuta kason kowa ranar saye, yawanci shi ke nan magana ta ƙare.

Kada biyan wata ya tsaya

Na san zafin biyan kuɗin gidan da ba ka kwana a ciki. Duk da haka a biya. Wata ɗaya da aka tsallake yana zama a tarihin bashinku ku biyu har shekara shida, kuma shi ne abu na farko da zai sa banki ya ƙi mai zama a mataki na gaba. Wanda ya daina biya don ya ƙuntata wa ɗayan, ya tsawaita zaman sunansa a kan bashin ne.

Ku sanar da bankin cewa kun rabu. Idan kuɗi sun yi wuya, manyan bankuna sun sa hannu a wata yarjejeniya da gwamnati a Yunin 2023, wadda ta ba wanda ba a bin sa bashin watannin baya damar komawa biyan kuɗin ruwa kaɗai na wata shida, ko tsawaita wa'adin bashin, ba tare da an ɓata masa tarihi ba. A bashin haɗin gwiwa za su so yardar ku biyun.

A yi wa gidan kuɗi, a yi lissafi

Ku kira dillalan gidaje uku su yi masa kuɗi, kyauta suke yi, sai ku ɗauki na tsakiya. Dillali yakan ɗaga farashi don ya samu aikin sayarwa, saboda haka idan akwai jayayya, ku haɗa kuɗi ku ɗauko mai kimanta gidaje da ke da rajista da RICS, ƙungiyar ƙwararrun masu kimanta kadarori, ku amince tun farko cewa abin da ya faɗa shi ne. Sannan ku nemi bankin ya ba ku takardar ainihin abin da ya rage, har da tarar biya kafin wa'adi idan akwai.

Ga misali. Gida ya kai fam 260,000, saura fam 170,000 na banki. Abin da ke naku fam 90,000 ne. Idan rabi da rabi ne, mai fita yana da 45,000. In mai zama ba shi da wannan a ajiye, sai ya ranto, bashinsa ya koma 215,000.

Jarrabawar banki

Nan ne yawancin maganganu ke tsayawa, don haka zan daɗe a kai.

Banki zai dubi mai zama kamar yau ya fara zuwa wurinsu. Yawancinsu ba sa wuce ninki huɗu zuwa huɗu da rabi na albashin shekara. A misalinmu, fam 215,000 na buƙatar albashin da ya kusa 48,000. Bashin da albashi biyu suka ɗauka da sauƙi, yanzu albashi ɗaya ake so ya ɗauka, har da ƙari. Za su nemi takardun albashi da bayanan asusu na wata uku. Mai aikin kansa, kamar direban tasi, yawanci lissafin harajin shekara biyu. Za su cire kuɗin makarantar reno, da bashin mota, da katin bashi. Kuɗin da kake turawa gida duk wata da zubin adashi suna fitowa a bayanan asusu, kuma za a iya tambayarka a kansu, ka shirya amsa ta gaskiya. Idan zamanka a ƙasar ya rataya ne a kan bizar aure, rabuwar ta shafi bizar ma, kuma banki zai duba wannan. Ka ga lauyan shige da fice kafin komai.

Hanya ta farko ita ce ka zauna da bankinku, ka ce kana son a mayar da gidan da bashin sunanka kai kaɗai. Na fi son wannan idan kuna tsakiyar wa'adin da banki ya tsayar muku da kuɗin ruwa a farashi mai sauƙi, domin galibi ana barin maka farashin, kuma ba ka biyan tarar fita, wadda kan kai kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na bashin. A kan fam 170,000, kashi 3 kawai fam 5,100 ne. Ƙarin da za ka ranta don sallamar mai fita shi ne zai zo a farashin yau.

Idan sun ƙi, ka nemi dillalin bashin gida mai duba kasuwa duka. Bankuna sun bambanta ƙwarai: wani yana lissafa kuɗin ciyar da yara da uba ke biya a cikin kuɗin shigar uwa, musamman idan a rubuce yake da umarnin kotu ko ta CMS, hukumar da ke kula da kuɗin ciyar da yara, wani ba ya kallonsa. Kada ka bi bankuna ɗaya bayan ɗaya kana cike fom, kowane bincike yana barin sawu a tarihinka.

Idan har yanzu lissafi bai kai ba, akwai dabaru. A tsawaita shekarun biya. Mai fita ya yarda a ba shi wani abu yanzu, sauran a rubuta masa a matsayin haƙƙi a kan gidan, a biya shi ranar da aka sayar. Wasu bankuna suna yarda yaya ko ƙani ya shiga bashin ba tare da sunansa ya hau rajista ba, amma a faɗa wa ɗan'uwan gaskiya cewa shi ma ya ɗauki bashin duka. Kotu kuma na iya ɗage sayarwa har ƙaramin yaro ya kai shekara 18. Wannan yana kare yara, amma yana barin mai fita ɗaure da bashin shekaru, da wuya ya iya sayen nasa gidan.

In duk wannan bai yiwu ba, a sayar. Na ga mata sun ƙanƙame gida saboda kada a ce an fitar da su, suka ƙare da biyan da ya cinye albashi har babu na cefane. Sayarwa da hannunku a farashin kasuwa ta fi banki ya karɓe ya sayar.

Masu tsarin Musulunci, irin na bankin Gatehouse, inda ake sayen gida tare da banki ana biyan haya ana sayen kasonsa a hankali, su lura cewa sau da yawa sunan bankin ne a kan rajistar mallaka. Takardun za su bambanta, amma jarrabawar albashi tana nan.

A kai sulhun gaban alƙali

Ban raina zaman manya ba. Sau da yawa shi ne ke sa a rabu da mutunci. Amma abin da aka amince a kai, ga masu auren doka, sai lauya ya rubuta shi a matsayin umarnin amincewa, a haɗa da fom D81 mai bayyana dukiyar kowa, a aika kotu alƙali ya buga hatimi. Yawanci ba sai kun je ba. Tun 6 ga Afrilun 2022 ana jiran mako 20 daga shigar da takardar saki zuwa umarnin farko, daga nan ne kotu ke iya amincewa da rabon dukiya, sai kuma mako 6 kafin umarnin ƙarshe.

Mai fita ya tabbata an rubuta abu uku: ranar da dole a cire sunansa daga bashin, alƙawarin mai zama na biyan duk asarar da ta same shi kafin ranar, da sharaɗin cewa idan ranar ta wuce banki bai sake shi ba, za a sa gidan a kasuwa. Na ukun shi ne mai haƙori.

Ba tare da wannan umarni ba, ƙofar neman dukiya tana buɗe. A 2015 Kotun Ƙoli ta bar wata mata ta ci gaba da nema kusan shekara 20 bayan saki. Akwai kuma tarkon da ya fi kusa da mu: wanda ya sake aure na doka kafin ya shigar da buƙatar rabon dukiya, ya rasa damar shigar da ita. Mu da ake fara kawo maganar wani auren da zarar an gama idda, a kula da wannan.

Waɗanda aurensu ba na doka ba ne, lauya ya rubuta musu yarjejeniyar rabuwa, kowa da nasa lauyan.

Aikin lauya da ranar sa hannu

Da banki ya ba da takardar amincewa, sai a ɗauki lauyan gidaje da ke cikin jerin waɗanda bankin ya yarda da su. Shi zai shirya fom TR1, takardar da ke mayar da gidan daga sunaye biyu zuwa ɗaya, sannan ya aika fom AP1 don a gyara rajista. Ana sa hannu a TR1 a gaban shaida baligi wanda ba ya cikin cinikin. Wanda ba shi da lauya zai cike fom ID1 don tabbatar da ko shi wane ne. Idan mai fita ya koma gida Najeriya, ana iya aika masa takardun, lauyan can ya tabbatar da shi, amma a tambayi lauyan nan irin shaidar da zai karɓa kafin a aika.

Lauya zai tambayi asalin kuɗin sallamar, doka ce ta tilasta masa. Idan daga gida aka turo, ko kwasar adashi ce, ko fili aka sayar, a tanadi takardun tun da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin da ɗan'uwa ya bayar kuma sai ya rubuta cewa kyauta ce.

Ga mai fita, shawarata ɗaya ce kuma ba na sassauta ta: kada ka saki TR1 da sa hannunka sai lauyanka ya tabbatar cewa sakin ka daga bashin, da shigar kuɗinka, da sauya suna, duk a rana ɗaya za su faru. Kuɗin su bi ta asusun lauya. Idan gidan fulat ne mai wa'adin shekaru, ko an saye shi da tallafin gwamnati na Help to Buy, ko da ƙungiyar gidaje kuke raba mallaka, su ma sai an nemi yardarsu, kuma sukan ɗauki lokaci.

Haraji

Masu auren doka da suka sauya suna saboda saki, da umarnin kotu ko yarjejeniyar rabuwa, ba sa biyan harajin cinikin gida na SDLT. Sauran kuwa ana haɗa kuɗin sallama da kason bashin da mai zama ya ɗauke wa mai fita. A misalinmu, 45,000 da 85,000 (rabin bashin 170,000) sun zama 130,000. Tun 1 ga Afrilun 2025 harajin na farawa ne daga abin da ya haura 125,000, a kan kashi 2, wato fam 100. A gidan fam 500,000 mai bashin 300,000 kuwa, zai kai fam 2,500. Ana da kwana 14 a biya. Wales tana da nata harajin daban. Idan kana da wani gida da ya kai fam 40,000 a ko'ina a duniya, har da Abuja ko Kaduna, ka faɗa wa lauya, don yana iya shafar lissafin.

Harajin ribar kadara kan taso ne idan mai fita ya daɗe da barin gidan. Tun Afrilun 2023 ma'auratan doka suna da har shekarun haraji uku bayan shekarar rabuwa su sauya ba tare da shi ba, muddin kotu ba ta kammala sakin kafin nan ba, kuma babu iyaka idan a cikin umarnin saki ne.

Idan ɗayan ya ƙi

Ba a cire sunan mutum ba da yardarsa ko umarnin kotu ba, kuma ƙirƙirar sa hannunsa laifi ne na ɗauri. Kafin kotun iyali ta saurare ka kan dukiya, sai ka halarci zaman farko da mai shiga tsakani, sai dai idan akwai duka ko cin zarafi. A nan an ɗauke wa wanda aka ci zarafinsa wannan, kuma yana iya samun lauyan da gwamnati ke biya. Idan kotu ta yi umarni mutum ya ƙi sa hannu, alƙali na iya sa hannu a madadinsa. Uwar da aurenta ba na doka ba ne tana iya nema a ƙarƙashin dokar yara ta 1989 a bar mata gidan har yara su girma.

Bayan an gama

Gyaran rajista kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Idan ya fito, a sake sayen kwafi a duba. Mai fita ya karɓi wasiƙar banki da ke cewa an sake shi, ya adana ta. A rufe asusun haɗin gwiwa, sannan a rubuta wa kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, wato Experian da Equifax da TransUnion, su raba tarihinku, don ba sa yi da kansu. Mai zama ya gyara inshorar gida da ta rai, ya nemi ragin kashi 25 na harajin kansul idan shi kaɗai ne baligi a gidan, ya kuma yi rajista da Property Alert na Land Registry, mai sanar da mutum idan an nemi sauya wani abu a rajistar gidansa, wanda kyauta ne.

Ita 'yar'uwar tamu, da lauya ya rubuta wa tsohon mijin, ya je banki aka auna albashinsa bai kai ba. An sayar da gidan a watan bakwai, aka biya bankin. Watanni ukun nan suna nan a tarihinta, sai sun cika shekara shida za su goge, kuma har yanzu tana gidan haya da yaran.